Kwance Ƙunshin Fayiloli a Cikin Burauza

Ƙunshin fayiloli, irin wanda sunansa ke ƙarewa da zip ko rar ko 7z, fayil ɗaya ne da aka ɗaure wasu fayiloli da yawa a cikinsa, kamar yadda manomi ke ɗaure zangarniyar gero dami guda don ta yi sauƙin ɗauka. Ayyuka biyu ne suke haɗuwa a cikinsa, ko da yake mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko ɗauri: a jera fayiloli, a rubuta sunan kowanne da girmansa da inda ya fara. Na biyu matsewa: a rage wurin da kowane fayil yake ci ba tare da ko harafi ɗaya ya salwanta ba. Tsarin tar ɗauri kawai ya iya. Tsarin gzip matsewa kawai ya iya. ZIP ya haɗa biyun.

Irin wannan ƙunshi ya fi yadda ake zato yawa. Takardar Word mai ƙarshen docx, jadawalin Excel mai xlsx, littafin epub, manhajar Android mai apk, duk ZIP ne da aka sauya wa riga. Wanda ya canza ƙarshen sunan takardar Word zuwa zip ya buɗe ta zai tarar da wata folda mai suna word, rubutunsa kuma yana kwance a fayil ɗin document.xml. Saboda haka duk shafin intanet da ke nuna abin da ke cikin jadawalin Excel ba tare da ya aika da shi ko'ina ba, kwance ƙunshi yake yi a cikin burauza.

Da can hanya ɗaya ce. Mai fayil ya ɗora ƙunshinsa a kan sabar wani kamfani, sabar ta kwance, shi kuma ya sauke abin da ya fito. Data ta ƙone sau biyu, hawa da sauka, takardun mutum kuma sun kwana a kwamfutar da bai san mai ita ba. Ba don son haka ake yi ba. Harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, an yi shi ne don sarrafa rubutu da maɓallan shafi, bai da ingantacciyar hanyar riƙe ɗanyen bayit. Ban da haka, da gangan aka hana shafin intanet leƙa ma'ajiyar kwamfuta. Abubuwa biyu ne suka buɗe ƙofa tsakanin 2010 da 2012. Ɗaya shi ne File API, wanda ke bai wa shafi damar karanta fayil ɗin da mai shi ya zaɓa da hannunsa, ko ya jawo ya saki a kan shafin, kuma wannan fayil kaɗai. Ɗayan shi ne ArrayBuffer da 'yan'uwansa irin su Uint8Array, waɗanda aka fara samarwa don zanen WebGL kafin su shiga ƙa'idar harshen a 2015. Da su ne shafi ke iya duban fayil a matsayin jerin lambobi, kowace lamba daga 0 zuwa 255, wato bayit.

Samun lambobin daban, gane ma'anarsu daban. Nan ne laburare ke shigowa. A bakin masu rubuta manhaja, laburare tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta, ya gwada, ya saki don kowa ya ɗora aikinsa a kai. Da laburare irin JSZip, wanda Stuart Knightley ya fara, kwance ƙunshi bai wuce layi uku ko huɗu ba: a miƙa fayil ga loadAsync, a karɓi jerin sunaye, a nemi wanda ake so a matsayin rubutu ko hoto. Sauƙin nan yana ruɗi. Yawancin matsalolin da ake cin karo da su daga baya, shafi ya sandare ko waya ta rufe shi ko sunaye su dagule, asalinsu rashin sanin abin da waɗancan layuka uku suke yi a ƙarƙashi ne.

Phil Katz, ɗan birnin Milwaukee a Amurka, shi ya fito da ZIP a 1989, bayan shari'ar da kamfanin da ke da tsarin ARC ya yi da shi a 1988. Ya wallafa bayanin sabon tsarin a fili cikin wata takarda mai suna APPNOTE.TXT, wadda kamfaninsa PKWARE ke sabuntawa har yau, kuma wannan sakin hannu ne ya sa ZIP ya bazu. Bayit biyun farko na kusan kowane fayil ɗin ZIP su ne 80 da 75, wato haruffan P da K, farkon sunayensa.

A cikin ƙunshin, kowane fayil yana da ɗan kai a gabansa mai ɗauke da suna, hanyar da aka bi aka matse shi, lokaci, girmansa kafin matsewa da bayanta, da wata lambar tantancewa da ake kira CRC-32. Bayan kan sai bayanan da aka matse, sai fayil na gaba da nasa kan, haka har ƙarshe. Bayan fayil na ƙarshe ne babbar fihirisa take, inda aka sake jera duk sunayen tare da matsayin da kowanne ya fara. A can ƙarshen ƙarshe kuma akwai wani ɗan guntu mai bayit 22 da ke faɗin yawan fayiloli, girman fihirisa, da inda ta fara. Ajiye fihirisa a baya ya dace da zamanin faifan fulofi, lokacin da ƙunshi ɗaya kan ratsa faifai da yawa, mai rubutawa kuma bai san abin da zai shiga fihirisa ba sai ya gama. Haka kuma yana ba da damar ƙara sabon fayil ba tare da an sake rubuta na baya ba.

Wannan ya sa laburaren kirki daga wutsiya yake fara karanta ZIP. Yakan je ƙarshen fayil ya riƙa jan baya yana neman alamar P, K, 5, 6. Dole ya nema, domin bayan guntun an yarda a liƙa sharhi mai tsawon da zai iya kai bayit 65,535, don haka iyakar inda zai laluba bayit 65,557 ne na ƙarshe. Idan ya samu, sai ya tsallaka zuwa fihirisa ya karanta sunaye. A wannan mataki bai kwance komai ba, amma ya san duk abin da ke ciki. Ƙunshi mai gigabayit biyu ana iya nuna jerin fayilolinsa bayan karanta 'yan kilobayit. Akwai dalili na biyu na dogaro da fihirisa: idan an rubuta ƙunshi ana tafe ana aikawa, ɗan kan da ke gaban fayil kan bar gurbin girma da sifili, a rubuta ainihin lambar a bayan bayanan. Wanda ya bi daga gaba ya yarda da abin da kan ya faɗa zai ɓace hanya. Tsarin asali yana da iyaka kuma, gigabayit 4 da fayiloli 65,535, sai aka ƙara masa wani faɗi mai suna ZIP64. Ba kowane laburare ne ke ɗaukar manyan ƙunshi irin wannan da kyau ba.

Hanyar matsewar da ta mamaye ZIP sunanta Deflate. Katz ne ya tsara ta, ta fito tare da PKZIP na biyu a 1993, Peter Deutsch kuma ya rubuta cikakken bayaninta a 1996 a takardar RFC 1951. Dabaru biyu ta haɗa. Ta farko ta Abraham Lempel da Jacob Ziv ce ta 1977: idan wani abu ya maimaitu, kada a sake rubuta shi, a yi nuni da inda ya gabata. A ɗauki "sannu sannu sannu", haruffa 17 har da gurabe biyu. Mai matsewa zai rubuta shidan farko yadda suke, sannan ya ce a koma baya taki 6 a kwafo 11. Da farko abin kamar ba zai yiwu ba, tunda shida kawai aka rubuta, amma kwafin harafi-harafi ake yi, abin da aka kwafo yanzu shi ake ci gaba da kwafowa. A Deflate, ja da baya ba ya wuce bayit 32,768, kwafi ɗaya kuma ba ya wuce 258. Amfanin wannan iyaka ga burauza babba ne, domin mai kwancewa ba ya buƙatar tuna komai sai kilobayit 32 na ƙarshe da ya fitar, komai girman fayil.

Dabara ta biyu ta David Huffman ce, wadda ya wallafa a 1952 daga aikin da ya yi yana ɗalibi a MIT. Alamar da ta fi yawan fitowa a ba ta gajeriyar lamba, wadda ba ta cika fitowa ba a ba ta doguwa. A rubutun Hausa harafin a zai tashi da bit biyu ko uku maimakon takwas ɗin da ke cikin bayit ɗaya, harafin da ba a cika gani ba kuwa ya ɗauki fiye da takwas, amma jimillar ta ragu ƙwarai. Mai matsewa kan ajiye jadawalin waɗannan lambobi a farkon kowane sashe, mai kwancewa ya karanta jadawalin ya bi shi bit bayan bit. Hoton JPEG da bidiyo da waƙar MP3 ba sa ƙara matsuwa, an riga an tatse su, shi ya sa masu haɗa ƙunshi kan ajiye su yadda suke. A kan fayil, lamba 0 tana nufin an ajiye ba matsewa, 8 tana nufin Deflate. Akwai wasu lambobin, 9 ta Deflate64, 12 ta bzip2, 14 ta LZMA, kuma JSZip 0 da 8 kaɗai ya sani. Ƙunshin da ya buɗu lafiya a kwamfuta amma shafi ya ƙi shi, sau da yawa nan ne laifin yake.

Uwar masu kwance Deflate ita ce zlib, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka saki a 1995 da harshen C. An juye ta zuwa JavaScript da sunan pako, kuma pako ce ke aikin matsewa da kwancewa a cikin JSZip. Akwai fflate, ƙarami mai sauri, wanda aka rubuta don kada shafi ya yi nauyi. Akwai zip.js na Gildas Lormeau, wanda ya fi su kayan aiki: yana karatu guntu-guntu, yana amfani da ma'aikatan bayan fage, yana buɗe ƙunshi mai kalmar sirri. Daga baya burauza da kanta ta samu abin kwancewa mai suna DecompressionStream, Chrome a 2020, Safari da Firefox a 2023. Wannan ya san gzip da Deflate, amma bai san fihirisar ZIP ba. Har yanzu sai wani ya nemo inda fayil ya fara da inda ya ƙare ya miƙa masa.

Sauran tsare-tsaren kowanne da halinsa. Tar ya zo da Unix na bakwai a 1979, an yi shi don kaset ɗin ajiya, wanda ba a tsallake a cikinsa, sai dai a bi daga farko. Bai da fihirisa sam. Kai mai bayit 512 ne, sai fayil, sai wani kan. Idan aka lulluɓe shi da gzip ya zama tar.gz, duk damin aka matse a dunƙule, don haka mai neman fayil na ƙarshe sai ya kwance duk na gabansa. A wani ɓangaren wannan sauƙi ne, domin DecompressionStream da 'yan layukan karanta kai sun isa. Tsarin 7z na Igor Pavlov, mai manhajar 7-Zip da ta fito a 1999, yana amfani da LZMA, wadda ke iya waiwayen megabayit masu yawa maimakon kilobayit 32. Ya fi matsewa, ya fi cin ƙwaƙwalwa, kuma yakan narka fayiloli da yawa su zama curi ɗaya. RAR na Eugene Roshal, wanda ya fito a 1993, mallakar masu shi ne. Sun saki umarnin kwancewa, amma lasisinsa ya hana amfani da shi wajen gina mai matsewa, saboda haka laburaren burauza karanta RAR kawai suke yi.

Sake rubuta waɗannan duka da JavaScript aiki ne mai yawa da yawan kuskure. Abin da aka fi yi shi ne a ɗauko tsohon laburaren C da ya ga jiya ya ga yau, a juye shi zuwa WebAssembly, wani tsarin umarni da burauza ke iya gudanarwa, da manhajar Emscripten, wadda Alon Zakai ya fara. WebAssembly ya shiga manyan burauzoji huɗu a 2017, hukumar W3C ta amince da shi a 2019. Ta wannan hanya libarchive, wanda ya taso daga aikin FreeBSD kuma ya san tsare-tsare da yawa, ya shigo burauza da sunan libarchive.js. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi, domin fayil ɗin WebAssembly ya ninka ƙaramin laburaren ZIP sau da yawa, kuma mai ziyara ne ke sauke shi da datarsa. Shafin da ZIP kawai yake karɓa bai da hujjar ɗora wa mutane wannan kaya. Wanda dole ne ya karɓi RAR da 7z, gara ya jinkirta sauke shi sai an ga irin fayil ɗin da aka zaɓa, abin da bayit ɗin farko ke bayyanawa ko da sunan ya yi ƙarya.

Inda aikin ya fi karyewa shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ake kira RAM. JSZip kan ɗauki ƙunshin gaba ɗaya ya zuba a cikinta. A ce ƙunshi megabayit 500 ne, abin da ke ciki gigabayit ɗaya: ga ƙunshin a ajiye, ga abin da aka kwance, wani lokaci ga kwafi na uku da aka yi wajen miƙa shi. A wayar da duka ƙwaƙwalwarta gigabayit biyu ce ko uku, burauza ba ta ma ba da saƙon kuskure, shafin kawai ake gani ya sake lodawa. Mai rubuta manhajar da ya yi gwaji a babbar kwamfutarsa da ƙunshi mai megabayit biyar ba zai taɓa ganin wannan ba. Maganin yana cikin tsarin ZIP ɗin kansa. Umarnin slice na Blob, wato curin bayanan da burauza ke riƙe da shi, yana yanko yanki daga fayil ba tare da an karanta sauran ba. A yanko wutsiya, a karanta fihirisa, a yanko fayil ɗin da ake so shi kaɗai, a tura shi ta cikin mai kwancewa kaɗan-kaɗan, kowane guntu ya fita kafin na bayansa ya shigo. Irin wannan dabara tana aiki ga ƙunshin da ke kan sabar ma. Da buƙatar Range ta HTTP ana iya cewa a turo daga bayit kaza zuwa bayit kaza, sabar ta amsa da lamba 206, a ciro takarda ɗaya daga katon ƙunshi ba tare da an sauke shi ba, muddin sabar ta yarda.

Sandarewar shafi dalilinta daban. JavaScript na shafi layin aiki ɗaya gare shi, kuma a kansa ake zana allo da amsa taɓawar yatsa. Don allo ya yi motsi sau 60 a daƙiƙa, kowane aiki bai kamata ya riƙe layin fiye da kusan kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Kwance babban fayil yana ɗaukar daƙiƙoƙi. Saboda haka ake tura shi ga Web Worker, ma'aikacin bayan fage mai nasa layin, wanda ke aiko da sakamako da labarin inda aka kai. Ana iya sallama masa ArrayBuffer ɗungurungum maimakon a kwafa, ya fita daga hannun shafi ya koma nasa.

Batun sunaye ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. ZIP na asali ya ɗauka sunaye da jadawalin haruffan kwamfutar IBM mai lamba 437 aka rubuta su, jadawalin da babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Daga baya aka keɓe bit na 11 a cikin kan fayil don ya nuna cewa sunan da UTF-8 yake. Wasu manhajoji kan rubuta UTF-8 su manta da ɗaga wannan alama. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, 198 da 153. Idan aka karanta su da tsohon jadawali sai su fito ╞Ö, fayil mai suna ƙasa ya koma ╞Öasa. Abin da ke cikin fayil ɗin lafiya lau yake, sunan ne kawai ya dagule, kuma manyan laburare suna da wurin da ake gaya musu yadda za su karanta sunaye. Lokacin da ke kan fayil ma gadon tsohon tsarin kwamfuta na DOS ne: yana farawa daga 1980, yana tafiya daƙiƙa biyu-biyu, kuma ba ya faɗin agogon wace ƙasa ne. Ƙunshin da aka haɗa a kwamfutar Mac kuma kan zo da wata folda mai suna __MACOSX da ba ta da amfani ga kowa a wajen Mac, sai a ɓoye ta daga jerin.

Duk abin da ƙunshi ya faɗa game da kansa, wanda ya haɗa shi ne ya rubuta, kuma yana iya ƙarya. Deflate na iya matse abu mai maimaituwa har kusan ninki 1,032. Shahararren 42.zip, mai kilobayit 42, ƙunshi ne cikin ƙunshi cikin ƙunshi, wanda idan aka bi shi har ƙasa zai kai kimanin petabayit 4.5. A 2019 David Fifield ya nuna cewa ba sai an yi hawa-hawa ba. Ya sa sunaye masu yawa a fihirisa suka yi tarayya a kan curin bayanai ɗaya, ƙunshi mai megabayit 10 ya buɗe zuwa terabayit 281 a kwancewa ɗaya. Duba girman da fihirisa ta ambata bai isa kariya ba. Abin da ke aiki shi ne ƙirga bayit ɗin da ke fitowa a zahiri, a tsayar da aikin da zarar sun wuce iyakar da aka sa, a kuma iyakance yawan fayiloli.

Suna ma makami ne. A 2018 kamfanin Snyk ya bayyana raunin da ya kira Zip Slip, inda ake sa wa fayil suna mai farawa da ../ sau da yawa don ya haura daga foldar da ake kwancewa ya faɗa kan wani muhimmin fayil. Katangar burauza ta rage wannan haɗari, amma yana dawowa da zarar shafin ya tura sunayen zuwa sabar. Haɗarin da ya keɓanta da burauza shi ne nuna abin da aka kwance. Fayil ɗin HTML ko hoton SVG na iya ɗauke da umarnin JavaScript, kuma idan shafi ya buɗe shi ta adireshin Blob, umarnin zai gudana da ikon shafin, ya ga abin da shafin ke gani. Sunan fayil ɗin kansa, idan aka liƙa shi a shafi a matsayin HTML maimakon rubutu zalla, zai iya yin wannan ɓarnar. CRC-32 ba ya tsare komai daga cikin waɗannan. Aikinsa gano lalacewar da ta faru bisa kuskure, kuma JSZip ba ya ma duba shi lokacin lodawa sai an umarce shi. Tsohuwar kalmar sirrin ZIP kuwa, Eli Biham da Paul Kocher sun nuna yadda ake karya ta tun 1994. Wadda ake dogara da ita ita ce ta AES, amma ko ita ba ta ɓoye sunayen fayilolin da ke cikin fihirisa.

Matakin ƙarshe shi ne inda abin da aka kwance zai sauka. Hanyar da ke aiki a ko'ina ita ce a mai da bayanan Blob, a samar masa adireshin wucin gadi da createObjectURL, a nuna shi a matsayin hoto ko a ba da mahaɗin saukewa. Kowane adireshi irin wannan yana riƙe da bayanansa har sai an sake shi da revokeObjectURL ko an rufe shafin, don haka mai nuna hotuna ɗari biyar ya manta da sakin su ya koma matsalar ƙwaƙwalwa ta bayan gida. Sauke fayiloli da yawa a jere kuma yakan sa burauza ta tsaya neman izini, tsarin foldoji ma ya watse, komai ya zube wuri ɗaya. Tun 2020 Chrome da burauzojin da aka gina a kan Chromium suna da showDirectoryPicker, inda mai kwamfuta ke zaɓar folda ya bai wa shafi izinin rubutu a cikinta, a kwance ƙunshi da foldojinsa kamar yadda manhajar tebur ke yi. Firefox da Safari ba su ba da wannan ba. Abin da suka amince da shi, tare da Chrome, wata keɓaɓɓiyar ma'ajiya ce da burauza ke ware wa kowane shafi, wadda mai kwamfuta ba ya gani a cikin foldojinsa. A can ake iya zuba manyan fayiloli guntu-guntu a kan faifai maimakon ƙwaƙwalwa, daga nan a miƙa wa mai su wanda ya nema ɗaya bayan ɗaya.